Haruffan Tagulla da Maƙerin Maiyama

Tun da na dawo Aliero ban sha ruwa da daɗi ba. Duk inda na zauna, ko a rumfar dukanci ko a ƙofar masallaci, sai wani ya matso ya ce, "Nomau, wai gaskiya na, rubutun Nasara kaka yi yanzu?" Wani ya ce ya ji an ba ni doki, wani ya ce ya ji an ɗaure ni a Jega. Doki dai ban gani ba, ɗauri kuma Allah ya tsare. Na gaji da ba kowa guntu-guntu yana tafiya yana ƙara masa gishiri, don haka ga labarin gaba ɗayansa. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a bar ni in koma kan fatuna.

Kun san yadda abin ya faro. Da aka ce kowace unguwa ta ba da mutum don ɗaukar kayan soja, mai unguwarmu ya duba gabas ya duba yamma, idonsa ya sauka a kaina, ni da ba ni da wa ba ni da ƙane, sai tsohuwa da ba ta gani sosai da mata mai tsohon ciki. Ban ce ya yi mugunta ba, wanda ba shi da mai tsaya masa shi ake fara gani. Kun kuma san labarin waɗanda aka ɗiba bara. Wanda ya dawo daga cikinsu ni ya kawo wa ƙafafunsa in yi masa takalmi, na auna na sake aunawa, na rasa ta inda fata za ta zauna. Da wannan a raina aka kora mu Jega.

A bariki aka tara mu a gindin tsamiya, ana jiran mutanen sauran garuruwa su cika a tashi da mu kudu. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa sai Akawu ya zo wucewa, baƙin mutum ne daga can bakin teku, mai tsukakken wando, wanda ya taɓa sayen matashin fata a hannuna ranar kasuwar Jega. Ya wuce, ya dawo da baya, ya nuna ni da alƙalami.

"Kai ne mai zane a kan fata? Hannunka yana rawa?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, yanzu kam shina rawa, amma ba kullum ba."

Ya ce in biyo shi. A hanya ya yi mini bayani. Baturen hanya, wanda ake kira Mai Sarƙa saboda sarƙar da yake auna ƙasa da ita, ya sa an kafa alluna a bakin hanyar da ake sharewa, ɗaya a mashayar Jega, ɗaya a shigar Maiyama. Mai yi musu rubutu ya gudu. In na rubuta allunan nan, na kuma dawo da kayan aikin lafiya kafin ayari ya tashi, an yafe mini dakon. In na ɓata ko na yi jinkiri, ga wurina nan a gindin tsamiya, ba wanda ya zauna a kai. Na tambaya ko za a haɗa ni da dogari. Akawu ya ce babu buƙata, ai sun san gidan tsohuwata. Na gwammace da ya haɗa ni da dogarin.

Na ce masa ni fa ban iya boko ba, karatun allona ma a nan kusa ya tsaya. Ya ce ba karatu ake so ba, hannu ake so. Ya buɗe wata jakar tamfol ya zazzage fallayen tagulla a kan tebur, kowane falle kamar tafin hannu biyu, an yanke siffar harafi a tsakiyarsa. Sai ka ɗora falle a kan allo, ka danna, ka dangwala baƙin fenti da buroshi ta cikin ramin, ka ɗaga, harafi ya fito. Ya ba ni takarda biyu da ya zana abin da za a sa a kowane allo, aikina in dubi siffa in nemo 'yar'uwarta a jaka. Ya ce daga hagu ake farawa. Na ce to, ai dama tun safe komai ta hagu yake zo mini.

Ku da kuke ta tambaya yaya haruffan suke, ga su. Sun fi faɗi bisa tsawo, kowane ya baje ya kafa ƙafa kamar ɗan kokawa mai jiran a shigo masa. Kaurinsu ɗaya ne daga sama har ƙasa, ba inda aka danna ba inda aka sassauta, don ba alƙalami ya yi su ba, ma'auni ne. Mai zagaye, zagayensa cif. Mai kusurwa, kusurwarsa ba ta san sulhu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kowace ƙafa an yi mata takalmi, wani ɗan dakali mai kusurwa huɗu da kaurinsa ya yi daidai da ƙafar, har waɗanda ba su taka ƙasa ba an ɗora musu a ka. Namu na allo sirara ne, suna riƙe da hannun juna, wannan ya sunkuya wancan ya ɗaga wuya. Waɗannan kowa tsaye yake shi kaɗai, ba ya gaida maƙwabci. Akawu ya ce da gangan aka yi su haka, don matafiyi ya hango tun daga nesa ya san maganar hukuma ce, kuma irinsu ne a jikin akwatunan soja da injin jirgin ruwa. Ni dai da na dube su ban ji an yi mini maraba ba.

Da yake ban san sunayensu ba sai na raɗa musu nawa. Akwai tsani, akwai zobe, akwai mai ciki biyu, akwai jinka, wanda ya yi kama da kan ɗaki da sanda a gicciye. Akawu ya ɗaga jinka ya nuna mini wani abu. Duk harafin da ke da ciki, an bar wasu 'yan siraran tagulla ba a yanke ba, su ke riƙe da cikin kada ya faɗo. Na ce jijiya ke nan. Ya ce in kira su abin da na ga dama, in dai ban karya su ba, domin daga ƙasar Turawa aka kawo kayan, babu irinsu ko an je Zungeru.

A zango na sauka, cikin fataken goro, mutanen da ba su san a yi magana a hankali ba. Sun ga jakata ba ta rabuwa da ni, ko bayan gida za ni tana rataye, suka yanke cewa zinariya ce. Wani ya taya ta da jaki. Tuwon zango kuwa, wanda ya saba da girkin gida kada ya je, miyar ta ga kifi ne daga nesa ta gaishe shi. Ban damu ba, hankalina yana kan jaka.

Allon mashaya bai ba ni wuya ba sai a harafin farko, inda na cika fenti ya zubo kamar hawaye, na kankare da wuƙar dukanci na sake. Kafin la'asar na gama. Akawu ya zo ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce ba laifi. A bakinsa wannan babban yabo ne. Washegari na ɗauki jaka da gwangwanin fenti na nufi fito, inda ake ƙetare gulbi.

Gulbi ya cika ya batse, don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani shi ne na rijiyar lambun albasa, kuma ban taɓa ƙetare wannan ba. A bakin ruwa wani dogari ya tare ni yana son ganin abin da ke jaka. Da ya ga haruffan sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, ya ce in wuce, har da "a sauka lahiya". Na shiga jirgin wani Basarke, na ajiye jakar a gefena, na rufe ido na kama salati. Da muka kai tsakiya jirgin ya yi wani tangaɗi, wata 'yar kasuwa daga Jiga Birni, wadda Allah ya yi wa jiki, ta taso daga inda take ta zauna daɓas a kan jakata. Na ji ƙarar a cikin haƙorina.

Na ce, "Inna, don Allah ɗaga, rayuwata ta kika zamne."

Ta ce, "Wa ka aje rayuwatai ƙasa cikin jirgi?" Ba ta ɗaga ba sai da muka kai gaci.

Ban iya buɗe jakar a gabanta ba. Sai da na yi nisa, na kai wata 'yar rugga a gefen hanya, na zauna a inuwa na zazzage. Duk lafiya sai jinka, ya lanƙwashe ta kusurwa ɗaya, ba zai kwanta a kan allo ba. Na duba takardar Maiyama, sai ga jinka ya fito a cikinta har sau uku. Ina cikin wannan sai na ji gudu, na ɗaga kai na ga matan ruggar suna kwashe 'ya'yansu suna shiga dawa. Wani dattijon Bafillace ya fito da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya nesa kaɗan.

Ya ce, "Kai na mai lalas ɗin da aka hwaɗi? An ce Nasara za shi sa ma kowa lamba ga jiki, kamar shanu, don kada wani shi ɓace mai."

Na rantse masa katako nake wa lamba ba mutum ba. Ya matso ya ɗauki zobe ya leƙa ni ta cikinsa, ya ce su kam yankan kunne ya ishe su gane saniyarsu, kuma saniyar ma ta san mai ita ba sai an rubuta ba. Ya sa aka kawo mini fura da nono mai kauri, irin wadda ba a samu a kasuwa. Matan dai ba su fito ba har na tashi.

Da yamma na shiga Maiyama. Mai gari ya duba kayana ya ce baƙon ƙarfe maƙeri ke saukar da shi, aka kai ni gidan Baba Arzika. Gajeren dattijo ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon wuta, kunnensa ɗaya ya mutu saboda guduma, sai ka zagaya ta dama in kana son ya ji ka. Ba su da ɗa namiji, 'yarsu ɗaya tana aure a Giwa Tazo, saboda haka matarsa, Inna Tumba, ita ke yi masa zuga. A Aliero da an ga mace a bakin zuga-zugi da an yi shekara ana zancen, a nan kuwa ko kallo ba ta ishi kowa ba. Ta shaƙi iska ta ce ba sai an gaya mata daga ina nake ba, albasa ta riga ni sallama. Na ce gara mu, su da suke sa albasa a miya kamar ana tara ta don gado. Tuwon dawa ta yi da miyar guro da busasshen kifi, kuma shi ne tuwo na farko da na ci da daɗi tun barina gida.

Akwai wata al'ada a gidan nan da ya kamata ku sani. Ina cin tuwo Baba Arzika ya zare wuƙata daga kube ba tare da ya tambaye ni ba, ya duba bakinta, ya girgiza kai, ya wasa ta. Ya ɗauki gwangwanin fenti ya ga mariƙinsa na rawa, ya ɗaure shi. Na yi godiya, ya ce ba abin godiya ba ne.

"Ƙarhe ba shi kwana gidanga da aibi shi hita da shi. Haka nis ishe ubana shina yi. In baƙo ya hita da wuƙa dakusassa, ni anka zaga."

Na ji daɗin maganar ƙwarai, na ce Allah ya kawo ni gidan da ya dace. Da safe, bayan mun ci hoce, na fito da jinka na nuna masa inda ya lanƙwashe. Ya juya shi, ya ɗaga shi ga rana, ya ce wannan ba aiki ba ne. Ya ce in bar jakar duka ya duba ko akwai wani mai ciwon. Na bar masa, na tafi tare da mai gari ganin allon da shafa masa farar ƙasa. Ban yi masa zancen jijiya ba. Bai zo mini a rai cewa akwai mai buƙatar a gaya masa ba, alhali ni ma kwanan nan aka gaya mini.

Gaishe-gaishe suka riƙe ni har azahar. Da na dawo na tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar maƙera, an jera fallayen a kai, an goge su da toka da tsamiya suna ta walƙiya. Jinka ya miƙe sumul kamar ba a taɓa zama a kansa ba. Sai dai na ga rana tana wucewa ta cikinsa fiye da yadda na sani. A gefe ga wani ƙoƙo, a cikinsa 'yan guntayen tagulla, mai kusurwa uku, masu zagaye, masu kamar rabin wata.

Baba Arzika yana goge hannu, fuskarsa cike da jin daɗi. Ya ce, "Wanda yay yi aikinga gwani na, ban taɓa ganin yanka mai tsabta haka ba. Amma gaggawa ta ci shi, ya bar ragowa ko'ina bai ida yankewa ba. Na ida mai."

Na zauna a bakin tabarmar. Ban yi ihu ba, ban yi zagi ba, ina ma zan iya. Na ɗauki jinka na ɗora a kan wani guntun katako, na dangwala fenti, na ɗaga. Abin da ya fito baƙin tudu ne mai takalmi biyu. Na yi zobe, ya fito dunƙulen baƙi kamar an jefa curin fura a bango. Baba Arzika ya dubi katakon ya dubi ƙoƙon, ya sake duban katakon. Maƙeri ne, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Inna Tumba ta saki zuga-zugi ta matso.

Nan na gaya musu komai, da gindin tsamiya, da tsohuwa, da cikin matata, da ƙafafun mutumin da ya dawo bara. Da na zagaya ta kunnen dama na maimaita, dattijon ya ajiye ƙoƙon. Ya ce, "Alheri niy yi nuhi." Na ce na sani, Baba. Wallahi da mugunta ya yi da abin ya fi mini sauƙi, da na sami wanda zan yi fushi da shi.

Allon dai mun fitar da shi. Na tuna yadda muke manna zane a kan fata, na sa aka jiƙa ƙaro, na riƙa manna cikin jinka a kan allo, in ɗora falle, in sa fenti, in ɗaga, in ɓamɓare cikin da bakin wuƙa. Sau uku ina yi, sau uku yana fitowa. Har ya fi na mashaya kyau, tunda babu tsagar jijiya a jikinsa. Mutanen gari suka taru suna kallo, wani ya ce haruffan sun yi kama da dogarai sun jeru, mai gari ya ce a yi shiru kada su ji.

Amma allo ba shi ne damuwata ba, jaka ce. Baba Arzika ya kwana biyu a kanta bai taɓa lauje ko ɗaya ba, ga kaka ta zo, manoma na zuwa suna komawa. Shi maƙerin baƙin ƙarfe ne, ba ya narka tagulla. Sai ya ja baƙar waya siririya, ya huda kowane ciki da kowane falle, ya ɗaure su da 'yan ƙusoshi kamar ƙwayar gero. Da muka gwada, harafi ya fito daidai. Sai dai ko makaho ya shafa ya san an taɓa, abin ya zama kamar ɗinkin gyartai a jikin ƙwarya.

Na fara saƙa ƙarya, kun san tsoro gwanin saƙa ne. Na ce zan ce jakar ta faɗa gulbi. Ya ce, "Basarken da yah hisshe ka za su kamawa." Na ce to ɓarayi sun tare ni a hanya. Ya ce, "Su ƙone ruggar da anka ba ka hura." Na ce zan ce haka aka ba ni su. Ya ce Akawu fa, shi ba ɗan kowa ba ne? Duk inda na aza ƙaryar sai in ga ta sauka a kan wani. Na ce to shi ke nan, in tafi in amsa. Ya ce zai raka ni Jega, dama yana son sayen ƙarfe. Ya shiga ciki ya daɗe suna magana da Inna Tumba, ya fito da jakar fata a kafaɗa.

Muka kama hanyar Jega. Ko gulbin ban ji tsoronsa ba wannan karon, har na riƙa tunanin in jirgin ya kife an huta da bayani. Baba Arzika yana gabana yana tafiyarsa ta gajerun mutane, bai yi magana ba sai sau ɗaya, da ya tsaya a mashaya ya dubi allona na farko, ya sa yatsa a tsagar da jijiya ta bari a jikin jinka, ya ce, "Ashe nan taka aiki."

Mun tarar gindin tsamiya ya cika, an ɗaure kaya, ana cewa gobe za a tashi. Akawu ya zazzage jakar a kan tebur. Na ga fuskarsa ta sauya, sai a lokacin na gane shi ma tsoro yake ji, tunda shi ya tsaya mini. Ya ce da ni a hankali, "Me ka yi mini?" Kafin in buɗe baki Mai Sarƙa ya shigo, dogo, jajir, da gumi a wuya. Ya ɗauki zobe ya juya, ya karce ƙusa ɗaya da farce, ya yi magana gajeriya. Akawu ya ce yana tambaya wa ya yi wannan.

Baba Arzika ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya ce, "Hwaɗa mai ni na. Ni niy yanke, ni niɗ ɗinke. Yaronga ba shi nan sa'adda anka yi, amana yab ba ni."

Akawu ya juya maganar. Mai Sarƙa bai yi fushi ba, bai kuma yi dariya ba, ya dai dubi hannuwan dattijon. Ya yi wata maganar ya ajiye zoben ya fita, kamar wanda ya tuna ya bar abu a wuta. Akawu ya ce Bature ya ce ba shi da lokacin shari'ar tagulla. Mutum guda ake bin unguwarmu, kuma maƙeri ya fi baduku amfani a tafiya, akwai gatura da sarƙoƙi da za su riƙa lalacewa. Maƙeri ya zauna, baduku ya tafi gida.

Na so in ce a'a, Allah ya sani na so. Na buɗe baki, sai na tuna tsohuwata. Baba Arzika ya kama hannuna ya ce, "Yi kurum, baƙo. Hannu yay yi, ƙahwa ta biya." Ya sauke jakar da ke kafaɗarsa don ya gyara mata igiya, sai na ga abin da ke ciki. Guduma ce da awartaki, da 'yar buta, da bargo. Mai zuwa sayen ƙarfe ba ya ɗaukar bargo.

Akawu ya raka ni har bakin bariki yana cewa in yi sauri kafin a sake shawara. Na tsaya na tambaye shi abin da ban tambaya ba tun farko, wato me aka rubuta a allon Maiyama. Ya gaya mini. Da safe na tsaya a mashaya har ayarin ya gama ƙetarewa. Na hango shi a jirgi na ƙarshe, ya juya mini kunnen da ba ya ji, ko na kira ba zai waiwayo ba. Har yau da nake ba ku labarin nan ba wanda ya zo da labarinsa. Masu cewa sun ga ina yawan bin hanyar kudu da lauje, dawarsa nake yankewa.

Ban zo gida kai tsaye ba, shi ya sa kuka ga na yi jinkiri har aka fara cewa an ɗaure ni. Na sake ƙetare gulbi na koma Maiyama, don ban yarda ta ji a bakin 'yan kasuwa ba. Na wuce allon a shigar gari, baƙi wuluk a kan fari, ana hango shi tun daga nesa yadda Akawu ya ce. Na tarar da Inna Tumba zaune a ƙofar maƙera, wuta a mace. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Tashi, ɗana. Ya hwaɗa mani tun randa kunka hita." Ta nuna wajen hanya da haɓa. "Abu guda nika son sani. Allon can da kunka wahala kanai, mi yac ce?"

Na ce, "Sunan garinku na, Inna. Maiyama."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ta jinjina kai ta ce, "To, ai mun sani."

Ta tashi ta shiga ciki ta kawo mini ruwa, don har yanzu ni baƙon gidan ne.